Ƙyauren da Na Rufe a Goronyo

Tun ranar da na dawo 'yan majalisarmu ba su bar ni na sha iska ba. Kowa da tasa tambayar. Yaya ƙasar Sakkwato? Da gaske ne albasarsu ta kai kan jariri? Me ya sa na ce kwana huɗu zan yi, sai ga shi na yi tara? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya ji wani abu daban a wani wuri, ba daga bakina ya fito ba.

Kun san shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, goman ƙarshe ina hedimasta. Da na ajiye aiki na sami wani ɗan fili a bayan gari, na ce albasa zan noma. Ban taɓa shuka ko barkono a gwangwani ba. Amma ina da aboki, Malam Bube, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare, mutumin Wurno ne, kuma danginsa duk manoma ne. Na kira shi a waya, ya ce in zo da kaka, lokacin da ake renon irin albasa, in gani da idona.

Na hau mota da sassafe. Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara. Shingayen jami'an tsaro na fara ƙirga su, da na kai goma sha wani abu na bari. Direbanmu mutum ne mai ƙa'ida ɗaya tak: ba ya son la'asar ta same shi a hanya, saboda haka duk wanda ya ce a tsaya zai kama ruwa, sai ya ce masa, "An kusa." Tun daga Tsafe aka kusa. Matar da ke gefena ta ɗora mini bokitin daddawa a cinya ta ce minti biyu, sai a Sakkwato ta karɓa, ta yi mini godiya sosai.

Babu wanda ya tambaye ni fasfo, amma na san na tsallaka iyaka, don tun daga Mafara harafin "f" ya fara ɓacewa daga bakin mutane. Fura ta koma hura, lafiya ta koma lahiya. A tashar Sakkwato na ce wa wani mutum ina neman ɗan acaɓa. Ya dube ni da kyau ya ce, "Mi kac ce?" Na maimaita. Ya juya ya kira wani: "Kai, mai kabu-kabu! Zo ga Bakano." Ban gaya masa daga inda na fito ba.

Na isa Wurno kafin magariba. Bube ya tsufa, ni ma ya ce na tsufa, muka yi musu a kan wanda ya fi. Ya sauke ni a ɗakin baƙi da ke jikin zaure, mu uku: ni da buhunan tafarnuwa biyu. Ba zan ɓoye alherinsu ba, kwanan da na yi tare da su ko sauro ɗaya bai shigo ba. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar sure, wadda mu muke kira yakuwa. A can in ka ce ka ƙoshi, ana ɗauka gaisuwa ce kawai, sai a ƙaro.

Washegari Bube ya goya ni a babur muka nufi Maikujera, a ƙasar Rabah, don ya gai da gwaggonsa, Inna Kulu. An riga an yanke gero, dawa tana tsaye, wake kuma ya yi 'ya'ya. A bakin gari wani ya tare Bube da maganar makaranta, sai ya nuna mini wata 'yar hanya ya ce in bi ta, gonar Inna ce a ƙarshenta, yana zuwa.

Na bi hanyar har na kai wani shinge. Daidai inda ya kamata mutum ya wuce, sai na tarar wani ya jefar da wani ƙaton reshen ƙaya ya tare wurin. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, rashin tarbiyya ba a birni kaɗai yake ba. Na naɗe hannun riga, na ja reshen da ƙyar, na kai shi can nesa na tura shi cikin wani rami don kada ya soki wani. Na karkaɗe hannu na shiga.

Na tarar da Inna Kulu a can ƙarshen gonar tana roron wake. Tsohuwa ce ƙarama, ta kai tamanin, amma idonta ras. Na durƙusa na gaishe ta. Muna cikin "ina gajiya, ina baƙunta", sai na ga ta daina kallona, tana kallon bayana. Na waiwaya. Awaki ne, sun fi goma, sun shigo a jere cikin natsuwa kamar waɗanda aka aika wa katin gayyata.

Ta ce, "Wa yaɗ ɗauke man ƙyaure?"

Na ce, "Inna, ai babu ƙyaure a wurin. Wata ƙaya ce dai na kawar daga hanya."

"Ita ta ƙyauren."

Ban taɓa sanin akuya tana da dabarun yaƙi ba sai ranar. In na kori uku ta gabas, huɗu su dawo ta yamma. Ina gudu babbar riga tana kama iska, hulata ta faɗi, wani bunsuru ya tsaya ya shinshine ta ya wuce. Inna ba ta yi gudu ba. Wani sauti kawai ta yi da harshe, ta ɗaga sanda, suka fita a jere yadda suka shigo. Amma kafin nan sun share mata kusurwa guda ta waken.

Ta bi ni har bakin ramin ta leƙa. Ta ce, "Malam, can garinku in kun ishe ƙohwa, cikin rami kuka jehwa ta?"

Na ce a'a. Na sauka na jawo reshen. Da na shigar da shi ramin bai soke ni ba, da zan fito da shi ya rama. Bube ya iso ya same ni ina tsince ƙaya daga tafin hannu, ya zauna a kan kunyar gona yana ta tari.

Na ba Inna haƙuri, na ce a faɗi abin da zan yi. Ta ce babu komai, akuya ma baiwar Allah ce. Ta dama mana fura a inuwar wata bishiya, kuma sai da ta ga na sha rabi sannan ta ce, "Ɗana, gonar mutane ba a gyara ta. Yadda duk ka ishe ƙyaure, haka nan za ka bar shi."

Magana ce mai kyau. Sai dai ni tsohon malami ne, na saba taƙaita darasi don ya zauna a ka. A kan babur muna komawa na taƙaita wa kaina shi: ƙyaure, a rufe.

Rana ta uku muka je Magarya, kusa da Wurno, don in ga garka, wato lambun da aka kewaye. A nan na ga wata al'ada da ta burge ni. Ba a shiga garkar mutum sai an tsaya a bakin ƙyaure an yi sallama, ko da kana hango shi, ko da ƙaninka ne. Ba a tsallaka shinge ko ya kai gwiwa kawai. Ba a taka bakin hanyar ruwa. Mu a Kano mukan yi sallamar ne bayan mun riga mun shiga, wani lokaci ma bayan mun zauna.

Na ce yau ba za a same ni da laifi ba. Bube ya tsaya duba tayar babur, ni kuma na ƙarasa bakin wata garka, na hango mai ita a tsaye can ciki, da malafa da tsohuwar riga. Na yi sallama. Shiru. Na sake, da ƙarfi. Shiru. Na ce wataƙila mutumin yana lazimi ne, na tsaya cikin rana ina jira. Can na yi ta uku, na haɗa da "barka da aiki".

Sai na ji murya daga saman wata bishiyar mangwaro a gefena: "Wa alaikumus salamu. Malam, wancan bai amsawa. Shekara ukku muna tare, bai taɓa ce man komi ba."

Mutum-mutumi ne na korar tsuntsaye. Mai garkar ya sauko, muka gaisa, ya buɗe mini, na shiga, na mayar da ƙyauren na rufe da kaina. Ya yaba da hankalina. Wannan yabon ya taimaka wajen abin da ya biyo baya.

Rana ta huɗu, wadda ya kamata ta zama ta ƙarshe, muka tafi Goronyo wurin yayan matar Bube, Alhaji Nomau. Dattijo ne dogo, mai magana a hankali, yana da gonaki a ƙasan madatsar ruwa. Shi ne zai nuna mini yadda ake renon iri da dashe. Da hantsi ya zaga da mu, yana gaba, Bube na biye, ni ina baya ina rubutu a ɗan littafi. Na tsaya rubuta wani abu, da na ɗaga kai sun sha kwana.

A nan ne na ga ƙyauren. Wannan kam ƙyaure ne na gaske, na langa-langa da katako, ba wanda zai ce ƙaya ce. Yana buɗe wangale, an tokare shi da dutse. A ciki fili ne kewaye da darni, ga bijimai biyu na huɗa, ga saniya da ɗan maraƙinta, suna kwance a inuwa suna tuƙa. Na dubi shanun, na dubi koren gonakin da ke kewaye, na tuna awakin Inna Kulu. Na ce lallai Allah ne ya kawo ni. Na ture dutsen, na ja ƙyauren, na sami igiya a jikinsa na ɗaure tamau, na ƙara ƙulli biyu. Na yanke shawarar ba zan faɗa wa Alhaji ba, don kada in kunyata dattijo a kan sakacin gidansa. Alheri a ɓoye ya fi lada.

Daga nan aka kai ni na ga madatsar. Ruwa ne iya ganinka, ban da abin da zan ƙara. Muka yi azahar, muka zauna a rumfar wata mai suyar kifi. Kifin da aka fito da shi daga ruwa da safe daban yake da wanda muke ci a Kano, wanda ya fi mu yawon duniya. Rana ta yi zafi ƙwarai ranar. Na ci, na sha ruwa kofi uku, ban tuna da wani mai jin ƙishirwa ba.

Bayan la'asar muna komowa muka ji hayaniya.

Abin da ban sani ba shi ne, wancan ƙyauren ba cikin gonaki yake buɗewa ba. Yana buɗewa ne cikin wani ɗan burtali mai shinge hagu da dama, wanda ya gangara har bakin ruwa. Kullum da safe ake tokare shi, in rana ta take shanun su sauka da kansu su sha su dawo. Ranar sun tashi sun tarar da ƙulli uku. Suka jira abin da za su iya. A bayan darnin kuwa garkar maƙwabcin Alhaji ce, wani magidanci mai suna Altine, wanda ya ba irin albasarsa ruwa da safen nan. Shanun suka ji ƙanshin ruwa, bijimi ɗaya ya sa kai ya ture darnin, suka shiga.

Ba su ci da yawa ba, shanu ba su damu da albasa ba. Tattakewa suka yi. Fangali bayan fangali na irin da ya yi sati biyar ana lallaɓa shi, saura kwanaki a dasa, duk ya koma caɓi. Altine yana tsaye a tsakiya, laka har gwiwa, yana riƙe da tsiron albasa a hannu. Wannan irin shi ne noman ranin gidansa gaba ɗaya.

Bube ya raɗa mini cewa Alhaji da Altine sun yi shekaru ba sa ga-maciji, a kan wata tsohuwar rigimar iyakar gona. Gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice.

Altine ya ce, "Alhaji, da gangan na! Ka daɗe kana son ka ga bayana wurin ga!"

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shekara nawa ƙyauren ga bai ruhe da rana? Wa yar ruhe shi? Wanda yar ruhe shi, shi ka neman hitina. Kuma ba kowa ka bi ta nan ba sai kai."

"Ni? In ruhe shanunka su ɓata man iri? Hauka nikai?"

Mutane suka taru. 'Yan'uwan Altine biyu suka iso da fartanya a kafaɗa, kuma ba lokacin noma ba ne. Ta ɓangaren Alhaji ma wasu suka matso. Wani ya ce a tafi wurin maigari, wani ya ce maigarin me, a gama ta a nan.

Ni kuwa ina tsaye a baya da ɗan littafina. Babu wanda ya dube ni. Wa zai zargi baƙo, tsoho, mai tabarau? Zan faɗi gaskiya, tunda na yi alkawarin ba da labarin gaba ɗaya: na tuna cewa gobe da safe akwai mota. Na tuna cewa Kano tana da nisa. Har na ce wa kaina tsofaffin rigingimu irin wannan ba a san farkonsu ba, bai kamata baƙo ya sa baki ba. Sai na ga Altine ya sunkuya yana ƙoƙarin tsayar da wani tsiro da ya karye, yana sake faɗuwa, yana sake tsayar da shi, bakinsa kuma bai daina faɗa ba.

Na ce, "Ni ne."

Ba wanda ya ji. Sai na ɗauko muryar da nake tsayar da yara ɗari shida da ita a filin taro. "Jama'a! Ni na rufe ƙyauren."

Kowa ya waiwayo. Har saniyar ta juyo.

Alhaji ya ce, "Malam, kai?"

"Ni ne, Alhaji."

"Mi yas sa?"

"Na gan shi a buɗe."

"Ba ka ga dutsi tokare ba?"

"Na gani. Na ture shi."

Ya dube ni, ba da fushi ba, kamar mai son ya fahimta. Sannan ya ce, "To Malam, dutsin nan, kana tsammanin da ƙahwatai yaz zo?"

Wani daga baya ya tambaya a hankali, "Mutumin ina na?" Bube ya ce, "Kano." Sai na ji mutane da yawa sun ce "Ayyo," kamar an warware musu wani lissafi. Masu fartanya suka sauke ta ƙasa.

Na je gaban Altine na cire hula na ba shi haƙuri. Na ce zan biya duk abin da ya lalace. Ya dube ni, idonsa ja, ya ce, "Baba, ko ka ba ni mi, iri bai girma cikin kwana ɗaya. Lokaci na ka ɓata man." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhaji ne ya yi magana. Ya ce baƙon nasa ne, shanun nasa ne, saboda haka ɓarnar tasa ce. Ya ce gobe Altine ya zo ya cire rabin irin da ke garkarsa ya dasa. Altine ya ce ba ya so. Alhaji ya ce ba tambayarsa ya yi ba. Aka ɗan ja, dattawa suka sa baki, Altine ya ce to, amma shi zai gyara darnin da kansa, don ya san irin gyaran gidan Alhaji. Alhaji ya ce ya ji.

Ni kuma na ce ba zan tafi ba sai an gama. Suka ce baƙo ba ya aiki. Na ce wannan baƙon ai ya riga ya yi aiki, saura gyara. Bube ya koma Wurno ya bar ni a ɗakin baƙin Alhaji, inda babu tafarnuwa, akwai sauro.

Kwana huɗu na yi a duƙe. Muka tsince irin da bai mutu ba ɗaya bayan ɗaya, muka tayar da bakin fangali, muka ɗebo na Alhaji muka dasa. Altine ne ya koya mini: a yanke kan ganyen, a soka da yatsa, kada a zurfafa, tazarar yatsu huɗu. Ranar farko bai ce mini komai ba sai "ba haka ba". Rana ta biyu ya ce "to". Rana ta uku matarsa ta aiko da hoce, wata irin gurasar dawa, ya raba biyu ya miƙo mini babban. Duk abin da na sani game da albasa a yau, a kwanakin nan na koye shi, ba a littafina ba, wanda ma ya faɗa ruwa a rana ta biyu.

Ba duka aka ceto ba. Fangali uku sun tafi, kuma Altine ya ce albasarsa ba za ta riski kasuwar farko ba bana. Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin yanayi. Alhaji kuwa kullum da yamma sai ya zo ya tsaya a bakin garkar ya yi sallama, Altine ya amsa, su tsaya suna duba aikina. Ban ce sun zama aminai ba. Amma na ji su suna hira har da dariya, kuma duk lokacin da na ɗaga kai sai su yi shiru. Da alama sun sami magana ɗaya da ba su da saɓani a kanta.

Ranar da zan tafi, Altine ya ɗaure mini irin albasa a tsumma mai laima, ya ce in dasa kafin kwana biyu. Ya ce zai raka ni bakin titi ta wata gajeriyar hanya da ke bayan garkarsa. Muka bi, ina gaba yana baya, har muka kai wani ƙyaure na itace. Ba a rufe yake ba, ba a buɗe ba. Ya tsaya a tsakani, tazarar kamar kamu biyu.

Na tsaya. Na duba ƙasa, babu dutse. Na duba jikinsa, babu igiya. Na leƙa hagu da dama ko akwai dabba. Sannan na miƙa wa Altine jakata, na tattare riga, na tsuke ciki, na bi ta gefe a hankali kamar mai wuce maciji, ban bari ko bakin aljihuna ya taɓa itacen ba. Na fita ɗaya gefen ina haki, na karɓi jakar ta sama.

Altine ya tsaya yana kallona. Sai ya sa ƙafa ya shuri ƙyauren, ya buɗe da ƙara, ya wuce abinsa.

Na ce, "Altine, wannan fa? Me ake nufi da shi?"

Ya ce, "Wanga? Ba a nuhin komi, Baba. Tun damina yal lalace."